Matar da Ke Rina Ranaku

Ina jiran a sa mini hannu a ofishin ma'aikata, idona yana kan matar teburin lungu. Ta manyanta, tabarau a kan hanci, takalmanta a cire ƙarƙashin kujera. A kwamfutarta ranakun kowa sun jeru da launi: kore ranar aiki, rawaya hutun da ake biya, ja fashi.

Wani direba ya rusuna gefenta. "Mama, ranar da matata ta haihu an sa mini ja."

"Yo na'ura ta taɓa haihuwa ne?" in ji ta. Ta duba dalilan hutu sama da ƙasa, babu haihuwa. Ta ja tsaki, ta zaɓi rashin lafiya, ranar ta koma rawaya. "Na ga fuskarka washegari, ai ba ka da lafiya. Tashi ka ba ni wuri."

Can ƙasa na hango layin da ke ɗauke da hotonta, kore shar tun farkon shekara. Ba ta da wanda ke kwanciya ciwo ne a gida? Ko kuwa ita ce ba ta da mamar da za ta rusuna wa?