Baƙin Ƙyalle a Wuyan Tukunyar Gas

Ga shi tsugune gaban Gulzar mai walda a kasuwar 'yan gwangwan ta Shershah a Pakistan. Ƙato ne har da furfura, gira ɗaya a ƙone, yana rungume da tsohuwar tukunyar gas da ya mayar abin feshin wuta. Wai sha'awa ce.

"Ɗan'uwa, ina agogon auna ƙarfin iskar?" in ji Gulzar. "Gindinta duk tsatsa, za ta fashe maka."

Gogan naka sai murmushi, yana shafa baƙin ƙyallen da ya ɗaura mata irin na direbobin manyan motoci.

"Kawu, ni kambun baka kawai nake tsoro."

Sababbin takalman ƙaramar yarinya na leƙowa daga ledarsa. Na rantse a tsakar gida sakaran nan yake gwajinsa.