Dila Uku a Ƙarƙashin Gadon Hajiya

Akwai abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou da sai an tuna min nake tunawa, amma ranar da ɗaki ya yi rawa a bayan motata, mahaifiyata tana zaune a gefena, ko tsufa ya kwashe min sauran tunani ba na jin zai taɓa wannan. Har yau in na tuna sai dariya ta zo min, can ƙasanta kuma gabana ya ɗan faɗi.

A lokacin harkar wandon jins nake yi. In saro a Xintang, garin da ake ɗinka shi, in haɗa da riguna daga kasuwannin Shahe, in tura Kano. Muna zaune a Panyu ni da maiɗakina, a hawa na ashirin da uku. Kuma ina da wata cuta da duk wanda ya tashi a kasuwar Kwari ya san ta: ba na iya ganin mota ta tafi da wuri a buɗe. In na ga sarari a but ɗin mota, raina ba ya kwanciya sai na cusa wani abu.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasar da ya daɗe yana ɗinka min kaya. Lawban nake ce masa, wato oga, kamar yadda ake kiran kowane mai shago a can. Da ya bar wa 'ya'yansa masana'anta, sai ya koma yawo da ɗaki mai taya. Ɗaki ne sosai, da gado da murhun gas da bayi da tankin ruwa, a kan tayoyi biyu, ana maƙala hancinsa a ƙugiyar bayan mota a ja. Da ya sayi sabo na karɓi tsohon, ba don sha'awa ba, niyyata in tura shi Kano in ga ko zai yi kasuwa. Lawban ya ce ba zai ba ni makulli ba sai na yi lasisin jan sa, na je na yi. Sannan ya jefa ni cikin gurup ɗinsu na waya, duk tsofaffi ne da suka ajiye aiki, ba su da zance sai na ɗaki mai taya. Kullum safiya saƙo ya fi ɗari. Wannan ya ce a duba iskar taya, wancan ya ce a liƙe bakin rufi kafin damina, wata ta ce a riƙa buɗe tagogi a watannin da bango ke gumi, kada katifa ta yi funfuna. Ni dai babban yatsa nake tura musu, ban taɓa karanta saƙo ɗaya har ƙarshe ba. Ɗakin kuwa ya yi wata takwas a ajiye.

Ana nan maiɗakina ta haifi ɗanmu na fari, Hajiyata ta zo daga Kano don ta kula da ita. Wata uku ta yi a wannan bene. Lif ba ta yarda da shi ba, abincin waje ba ta ci, maƙwabta kuwa sai dai a haɗu a ƙofa kowa ya sunkuyar da kai. Ta rame. Wata safiya bayan na gaishe ta, ta ce in zauna. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Kai, na gama shawara. In zan tafi, da yarinyar nan da maigidana zan tafi." Jikan nata take kira maigida. "Ba a renon ɗa a rataye tsakanin sama da ƙasa. Kai ka zauna ka nemi abincinka."

Saura kwana tara tafiyarta. Ban taɓa yi wa Hajiya musu ba, kuma na san ba a kan wannan zan fara ba. Amma Allah ya sani hankalina ya tashi. Shekara huɗu na yi ni kaɗai a garin kafin in samu a ba matata takardar zama, ga shi ɗan da ko zama bai fara ba za a ɗauke min.

Maiɗakina ce ta kawo dabara. Ta ce, "Hajiya ba ta ga ƙasar nan ba, bango kawai ta gani. Wannan ɗakin da ka ajiye yana cin rana fa?" A ranar, karo na farko, na buɗe gurup na karanta da gaske. Ashe a ƙarshen makon za su fita wajen duwatsun Zengcheng su kwana biyu a wata gonar 'ya'yan itace. Na ce a sa da ni. Sai ga saƙonni kamar ruwan sama. Lawban da matarsa suka zo da kansu, ya canja min tiyon gas da ya tsage, ya matse notocin taya, ita kuma ta wanke tankin ruwa ta shanya katifa. Ya yi ta yi min bayanin yadda ake jera kaya a ciki, ina gyaɗa kai, hankalina yana kan wani kwastoma da ke kira na.

Da Hajiya ta ga ɗakin sai ta zagaya shi sau biyu, ta taɓe baki.

"A wannan akurkin za mu kwana?"

Amma da ta leƙa ta ga murhu, ta ga inda za ta ajiye butarta, sai ta ce a ɗauko mata garin tuwo da kuka da daddawarta.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya. An yi da ni za a haɗu da ayarin a wani gidan mai da ke gaba da Xintang. To, ka ji inda cutar ta motsa. Ina da dila uku na wando da aka gama ɗinkawa a garin, ga ni zan ratsa ta ƙofar masana'antar, ga ɗaki guda a bayana ba komai a ciki sai garin tuwo. Na ce wa su Hajiya su jira ni minti goma. Babban gadon yana can ƙarshen ɗakin ta baya, in an ɗaga shi akwai ma'aji a ƙasa. Nan na sa aka danna dila biyu, ta ukun da ta ƙi shiga na ɗora ta a kan gadon na ja bargo na rufe. Na dawo mota ina jin kaina gwani.

Muka tarar da ayarin, ɗakuna bakwai, nawa na takwas. Aka sa ni a tsakiya, Lawban yana biye da ni. Hajiya tana gaba da carbinta, maiɗakina da jariri suna baya, don ba a zama cikin ɗakin in ana tafiya. Da farko lafiya lau. Gine-gine suka fara raguwa, kore ya fara yawa, har na ji Hajiya tana cewa ashe su ma suna noma.

Mun hau wata doguwar gangara ke nan wata babbar mota ta wuce mu da gudu. Sai na ji kamar an riƙe bayan motar an girgiza. Na kalli madubi, na ga ɗakin ya leƙo ta dama. Kafin in ƙifta ido ya leƙo ta hagu. Kowace leƙowa ta fi ta baya faɗi, motar kanta ta fara bin sa. Maiɗakina ta rungume kujerar jariri tana salati. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, sai ga muryar Lawban a 'yar rediyon da suke ba kowane direba, yana ihu da Sinancin da ko kurma zai gane:

"Kada ka taka birki! Ɗaga ƙafa daga totur! Riƙe sitiyari, kada ka juya!"

Na riƙe. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba, ni dai a wurina ta kai shekara. A hankali rawar ta ragu, ta ragu, har ɗakin ya dawo bayana ya nutsu. Na gangara wani fili a gefen hanya na tsaya, rigata ta jiƙe sharkaf. Hajiya kuwa, carbin ya tsaya a hannunta.

Duk ayarin ya tsaya. Tsofaffi goma sha suka kewaye mu, wannan na taɓa taya, wancan na leƙen ƙugiya. Matar Lawban ta ɗauko sikeli irin wanda ake hawa a bayi, ta sa a ƙarƙashin hancin ɗakin da guntun katako, aka kwance shi daga mota. Allurar sikelin ko motsin kirki ba ta yi ba. Ta kalle ni ta ce, "Meyo!" Wato babu. Hancin da ya kamata ya danne ƙugiya da nauyi, da hannu ɗaya wani tsoho ya ɗaga shi. Lawban ya buɗe ƙofa ya shiga, ya yaye bargo, ya ɗaga gado. Wandon da 'ya'yansa suka ɗinka ne ya yi masa sallama.

Ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Dattijon nan mai fara'a fuskarsa ta yi ja, yana nuna jariri, yana nuna Hajiya, yana nuna kaina da yatsa. Matarsa ta karɓa, wata tsohuwa mai hular rana ta ɗora nata. Na tsaya kamar ɗan firamare. Hajiya ta fito daga mota a hankali, ta leƙa ɗakin ta ga abin da na yi.

"Me suke cewa?"

Na ce, "Hajiya, cewa suke na sa kaya a baya."

"Ai ba sai ka fassara min sauran ba, na ji." Ta gyara mayafi. "Kai yanzu ko jaki ka ɗora wa kaya a kan kuturi haka, tafiya zai yi? Ubana da jakuna ya yi fatauci, tun ban kai shekara goma ba nake taya shi ɗaurin mangala. Mai nauyi a tsakiya, a ƙasa, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Fito da su."

Na fito da su ina nishi. Ta sa aka kwance dilolin aka rarraba, ta tsaya a bakin ƙofa tana nuni da hannu: wannan a shimfiɗa a ƙasa saitin tayoyi, wannan a matsa gaba kaɗan, wannan a raba wa wasu motocin. Abin mamaki, duk inda ta nuna, nan Lawban yake shirin nunawa. Tsofaffin suka fara kallon juna suna dariya. Da aka mayar da sikeli allura ta hau inda ake so, sai suka ɗauki tafi. Matar Lawban ta kama hannun Hajiya ta ɗaga sama kamar ta ci dambe. Wata uku ban ga haƙoran mahaifiyata ba sai ranar.

Da la'asar muka isa gonar. Itatuwa ne jere a gindin dutse, sun yi 'ya'ya jajaye masu ɓawo, ga rafi yana wucewa. Kowa ya saukar da ƙafafun ɗakinsa ya ja rumfa. Hajiya ta cire takalmi ta taka ƙasa, ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Tsohon da ke kusa da mu ya kashe rediyonsa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Matar Lawban ta zo da sabuwar tukunya, takardar kanti ma ba a ɓare ba, ta ce in gaya wa Hajiya ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Hajiya ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka. Zo ka ga tsofaffi suna kokawa da tuwo da tsinken cin abincinsu, miya tana zillewa, har Hajiya ta kama hannun ɗaya ta nuna masa yadda ake yin loma. Jariri kuwa ya zaga hannu ya fi goma. Wata ta yi min faɗa wai ban sa masa safa ba, Hajiya ta ce in gaya mata ta ƙara.

Washegari bayan sallar asuba na sami Hajiya zaune a bakin ƙofar ɗakin, jikanta a cinya, tana kallon hazo yana tashi daga kan dutse. Na durƙusa na gaishe ta. Na riga na sallama, don a ganina wanda ya kusa kifar da uwarsa da ɗansa saboda wando ba shi da bakin roƙo.

Ta ce, "Dattijon nan, haka yake yi maka faɗa kullum?"

"Jiya ne na farko, Hajiya."

"To ka gaya masa na ba shi kai. In ka karkace ya miƙar da kai, ba sai ya tambaye ni ba." Ta kama ƙafar yaron tana wasa da ita. "Abin da ya hana ni barci, na zaci ba ku da kowa. Ashe akwai wanda zai tsaya a titi ya zage ka saboda ɗanka. Maigidana ya zauna. Amma duk wata a fito da shi ya taka ƙasa."

Na buɗe baki in yi godiya, sai hawaye suka riga ni. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ƙato da ni.

Ɗakin bai je Kano ba. Mun yi shekaru muna bin ayarin nan, har ni ma na zama mai damun sababbin shiga da zancen iskar taya da sikeli. Abin da ranar ta koya min shi ne, shawarar da ake ba ka kyauta kana gyaɗa kai ba ka ji, wata rana ran iyalinka ne a cikinta. Na kuma gane cewa a baƙon wuri, masu yi maka murmushi suna da yawa, amma wanda ya damu da kai har ya ɓata rai ya yi maka faɗa, shi ne ɗan'uwanka. Ni na yi shekaru ina kiran mutumin nan oga, Hajiya kuwa yini ɗaya ya ishe ta ta gane uba ne.