Faston da Na Ɗauko Daga Bakura

Ranar Talata ce, ana cin kasuwar Mafara, da misalin ƙarfe biyu na rana. Mu uku ne a ɗakin: ni, da maƙwabcina mai gyaran injin ban ruwa, da matarsa. Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, sun daɗe a unguwarmu. Asibiti sun sallamo shi ne don babu sauran abin yi.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, fada nake so. In faɗa masa zunubaina, ya shafa mini mai."

Fada, wato limamin 'yan Katolika, yana Gusau, wayarsa kuma ba ta shiga. Ni kuwa na san wani fasto a Bakura. A wurinmu Musulmi, in mutum yana gargara, duk malamin da ya fi kusa shi ake kira. Ban yi shawara da kowa ba, na hau babur.

Ƙarfe huɗu saura muka iso. Faston ya durƙusa gefen katifa ya ce, "Baba, ba ni da ikon yafe zunubi. Ka faɗa wa Almasihu kai tsaye, yana ji."

"Ba haka aka koya mini ba."

Matar ta fashe da kuka. "Fasto, ga mai nan a kwalba. Ka yi masa yadda fada yake yi mana, wa zai sani?"

"Shi zai sani, Mama. Addu'a zan iya."

Maƙwabcina ya juya fuskarsa bango.

Na jawo faston waje na ce, "Ashe ba littafi ɗaya kuke karantawa ba?"

"Ɗaya ne. Gaskiyar ma ɗaya ce, Malam. Shi ya sa ba zan yi masa ƙarya ba."

"Shi ma ya ce tasa ce ɗayar."

Ya koma cikin ɗakin. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo. In majiya biyu suka saɓa, sai mu kawo duka biyun, mu bar wa mai sauraro. A nan mai sauraron numfashinsa ake ƙirgawa, kuma ɗaya kawai yake iya karɓa. Awa biyun da na ɓatar a hanyar Bakura sun isa mota ta kai Gusau ta juyo.

Na dinga kiran lambar fada har ta shiga. Fada ya ce direbansa ba ya bin wannan hanya in rana ta yi sanyi, sai da safe. Na kara wa maƙwabcina wayar a kunne, fada ya yi masa addu'a, amma ya ce furta zunubi ba a yin sa ta waya.

Maƙwabcina ya cika kafin magariba, faston na riƙe da ƙafarsa. Fada ya iso ranar Laraba da hantsi.