Gonar Hanyar Safo

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina fiye da kima, ina da wani shiri na mako-mako a wata ƙaramar tashar rediyo a Maraɗi. Aikina in gayyato malaman jami'a da marubuta mu zauna awa guda muna hira: me ya sa hatsi ke tsada, me ya sa matasa ke tsallaka iyaka, yaya mutum ke yanke shawara idan hanya ta rabu masa biyu. Ina son aikin ƙwarai. Har wani gyaran murya na ƙirƙiro da nake yi kafin in jefa tambaya, don mai sauraro ya san ba ƙaramin mutum ke magana ba.

Cikin baƙina akwai wani abokina da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare. Ya tafi waje ya karanto tattalin arziki, ya dawo da tabarau da takardar dokta. Ya ce mini yana rubuta littafi kan yadda manoma ke yanke shawara. Ni da rawar kai na ce ai ba sai ya wahala ba, ya zo mu je garinmu Madarumfa, mahaifina kaɗai ya ishe shi babi guda.

Mahaifina gonaki uku gare shi, kuma ba ɗaya kusa da ɗaya. Akwai ta bakin tabki inda yake shuka dawa, akwai jigawa a kan hanyar Safo inda yake shuka hatsi da wake, sai wata 'yar ƙarama kudu da gari. Rabin wuninsa a kan amalanken jaki yake ƙarewa. Wani alhaji mai motocin dakon kaya zuwa Najeriya yana da babbar gona da ta haɗa iyaka da tamu ta bakin tabki, kuma ya daɗe yana neman a yi musaya: ya ba mahaifina ita, ya karɓi biyun na nesa. A faɗi ma tasa ta fi. Mahaifina ya ƙi, shekara da shekaru, ni kuwa na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi.

Muka je ran Asabar. Mahaifiyata ta dama fura, aka soya mana kifin tabki. Abokina ya buɗe kaye, littafinsa na rubutu, ya zaro bik zai rubuta, ya tambayi tsoho dalilin da ya sa ba zai haɗa gonarsa wuri ɗaya ba.

Mahaifina ya ce, "Dokta, ruwan garin ga ba ya sauka bai ɗaya. Wata shekara hadari shi zuba wajen Safo, mu nan shi bar mu da kallo. Wata shekara kuma gulbi shi cika tabki har shi hau gona. In wagga ta ƙi, waccan ta yi. Ni dai ban taɓa buɗe rumbu na iske shi wayam ba."

Abokina ya rubuta, ya yi godiya, ya ƙara kifi.

Mako na zagayowa muka shiga shiri. Ana tsakiyar hira sai ya kawo misalin wani tsoho a Madarumfa da ke ɓata ƙarfinsa a hanya saboda son abin da ya gada. Ya ce irin wannan ne ke hana ƙasa ci gaba, mutum ya ga riba a fili ya kau da kai don ya saba da wahala. Bai ambaci ko kalma ɗaya daga abin da tsohon ya faɗa masa game da ruwa ba. Ni da nake zaune a wurin ranar, na ji amsar da kunnena, maimakon in ce "tsaya, Dokta", sai na yi wannan gyaran muryar tawa na ce, "Masu sauraro, tsohon nan fa mahaifina ne. Ni ma na yi na yi, ya ƙi ji." Na kuma ƙyalƙyale da dariya a bakin makirfo.

Ban isa gida ba mahaifiyata ta kira ni a salula. "Ka kyauta," in ji ta, ta kashe.

Ashe duk Madarumfa an ji. A majalisar da dattawa ke zama bayan la'asar aka fara tsokanarsa: "Mai gona ukku, yau ina jaki ya nufa? Ka ji mi masu ilimi suka ce?" Da farko yakan yi murmushi. Daga baya ya daina zama, in ya yi salla sai ya wuce gida. Kafin ruwan shuka ya sauka ya kira alhajin, aka je gaban mai gari da shaidu, aka yi musaya.

Da na ji sai na zo da fara'ata, wai in yi masa barka. Yana ɗaure igiyar jaki, bai ɗago ba.

"Ba Dokta ya sa ni ba," ya ce. "Shi baƙo ne, bai san komi ba. Kai kuwa shekarar da tabki ya cinye dawarmu, kana aji ukku, tuwon gonar Safo ka ci har damina ta zagayo. Kuma kai ne ka yi dariya."

Wallahi na manta da wannan shekarar sarai, sai da ya faɗa.

Daminar farko gonar ta yi kyau, har na soma cewa a raina ai ga shi nan. A ta uku gulbi ya kawo ruwa, tabki ya tumbatsa ya kwanta a gonar kwana da kwanaki. Dawa ta ruɓe a tsaye. Duk abin da mahaifina ya shuka a duniya yana cikin wannan ruwa. Da kaka ta yi, amalankan alhaji suka riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu da dammunan hatsi daga hanyar Safo. A wannan rani na ga mahaifina a kasuwa da buhu a hannu yana awon hatsi tiya-tiya, mutumin da bai taɓa sayen abincin gidansa ba. Na aika da abin da zan iya, ba su kwana da yunwa ba, amma ba yunwa ce ta rame shi ba.

Na cire kunya na je wurin alhajin in roƙi a warware musaya. Ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Haba ɗana, ai a rediyonka na ji musayar ita ce daidai." Na shanye shayin na tashi.

Abin da har yau ke tafasa mini zuciya bayan haka ya zo. Abokina ya shigo buro ɗina, wato ofis, da littafinsa sabo fil, da Faransanci, yana son a sa shi a shiri. Na buɗe, sai ga babi sukutum a kan manoman da ke warwatsa gonakinsu. Wai bincikensa ya gano cewa hikima ce babba, hanya ce ta kauce wa asarar shekara gaba ɗaya a ƙasar da ruwa ba ya sauka bai ɗaya. Maganar mahaifina ce tsaf, an sa mata kwat da takalmi. Ko "wani manomi ya gaya mini" babu a ciki.

Na ce, "Dokta, ba kai ne ka ce wannan ne ke hana ƙasa ci gaba ba?"

Ya gyara tabarau. "Ai ilimi ke nan, abokina. Mutum yana sake tunani."

Na gaya masa an yi musaya, na gaya masa abin da ruwa ya yi. Ya ce, "Ayya! Amma ni ban ce ya yi musaya ba. Hira ce kawai muka yi."

Hira ce kawai! Na so in jefe shi da littafin, amma hannuna ya yi nauyi, don na san wanda ya kunna makirfon, na kuma san wanda ya yi dariya. Ban sa shi a shirin ba, shi kuma bai sake nemana ba.

Na kai littafin gida na fassara wa mahaifina babin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, madalla, ya gane."

Na ci gaba da shirin wasu shekaru, kuma har yanzu ina son zama da masana, na ƙaru da su da yawa. Sai dai na gane cewa mu masu hira in mun yi kuskure, sati mai zuwa mu gyara, a ma yaba mana da sauƙin kai. Wanda ya ji mu ya ɗauki mataki kuwa, shi ke kwana da abin. Tun daga lokacin duk baƙon da ya ce mini talaka bai san lissafi ba, sai na tambaye shi: ka tambayi talakan dalilinsa? Me ya ce? Faɗa mana da bakinsa kafin ka faɗi naka. Wasu sun ji haushi, ban damu ba.

Mahaifina ya tsufa yanzu, ya koma majalisa, mun daɗe da shiryawa. Amma a daminar bara ina gida, hadari ya haɗu ya tsallake mu, ya je ya zuba wajen Safo. Ya fito ƙofar gida da sandarsa ya tsaya yana kallon can, ya daɗe. Bai san ina bayansa ba.

Na ji ya ce a hankali, "Yau an yi ruwa gonata."