Famfon Ruwa Daga Kamfani

Motata ta girme ni, ko kuwa mun yi sa'a. Sa'ad da nika jigila tsakanin Tambuwal da Kebbe, tun daga Dogon Daji aka jin tarinta, mutane su fara ɗaure kaya. Rannan muna tsakar hanya, ga buhunan gero ga tumaki biyu a but, sai tururi yat turnuƙe gaba kamar ana dambu. Famfon ruwa ya mutu. Da igiya anka jawo ni gida.

Ciyaman ɗin tasharmu bai ja zance ba. Yac ce, "Kasuwa fuɗu na ba ka. In ba ka yi lodi ba, layinka na wani ne." Layin nan kuwa shi ne tuwon gidana.

Makanikena taubashina ne, ba mu raga wa juna. Yac cire famfon, yaj jujjuya shi, yac ce, "Wanga tun zamanin Fir'auna anka daina ƙera shi. Ɗauki gawar ka tai Sakkwato ka nuna musu." Haka muka sayen kayan mota a nan. Mataccen kaka ƙunshewa a leda, mai shago shi ɗora shi kan nashi, a gwada da ido.

Na zagaye 'yan kayan gyara har takalmina yas suɗe. Kowa yad duba sai shi yi mini ta'aziyya. Daga ƙarshe wani yan nuna mini ofishin dila, wakilin kamfanin motar.

Ofis sanyi kamar cikin randa. Nid dire gawar bisa tebur, ma'aikacin yaj ja baya.

"Alhaji, don Allah ɗauke wanga, zai ɓata mana takardu. Mu da lambar shasi muka aiki."

Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba, an ce mini Alhaji! Nim mayar da gawa leda, nib ba shi takardun mota ina gyara hula. Yad daddanna kwamfuta, yac ce kamfani ya daina yi, amma zai tambayi dilolinsu na Kano da Kaduna da Ikko.

Kasuwa ta farko, ana bincike. Ta biyu, mai makullin sito ya tai biki. Na bugi wayar ofishin nan har ta san muryata. Ta ukku sunka ce an samu guda can kudu, shi kaɗai yar rage a ƙasar. Saura kwana biyu wa'adi anka kawo shi cikin kwali, yana ƙyalli. Bisa cinya nir riƙo shi har Tambuwal, ban bari an sa shi but ba.

Taubashi yad ɗora shi jikin injin. Yaj juya. Yas sake juyawa. Famfo ramin noti fuɗu, injin rami ukku.

Nic ce, "Mi nika gani haka?"

Yad dafe kai. "Af! Ai injin ga ba nata ba ne. Ni nis sa shi da hannuna, tun tana ga mai ita na farko. Na wata mota ne da taf faɗi."

"Kuma shekara nawa ba ka faɗa mini ba, kai baƙin mugu?"

"Ka tambaye ni? Gawa nic ce ka nuna, kai kaj je kana Alhaji da lamba."

Da ba don sifana na hannunai ba, da ranar zumunta ta ƙare. Nib bugi dila, yac ce abin da lamba tac ce shi sunka kawo, kuma kayan da anka buɗe ba a mayarwa.

Ran kasuwa ta fuɗu ina tsaye tasha wani yay yi lodi a layina, fasinjojina suna gaishe ni ta taga. Ciyaman ko kallona bai yi ba.

Bayan kwana biyu taubashi yas samo mai rami ukku jikin wani mataccen injin bayan gareji a Dogon Daji, kaji na ƙwai ƙarƙashinai. Mota ta tashi sumul. Ni dai bakin titi nik koma, ina tsintar wanda mota tab bari.