Rufin Sito a Gidan Baba Nomau

Aikin kafinta a ƙaramar hukuma wahala ce tsagwaronta. Rana ta gasa ka bisa kwano, ka sauko a ce ka yi jinkiri. Ku da kunka shigo yanzu kuna kukan zafi, ba ku ga shekarun fari ba. Ni dai ban taɓa mantawa da ranar da rufin da na buga ya tashi ya bar ni ba.

Lokacin ina ƙaramin kafinta a sashen ayyuka, a Isa. Sama da ni akwai foman, sama da shi akwai shugaban sashe, wanda ba mu ganinai sai in abu ya ɓaci. Anka tura ni wani ƙauye kan hanyar Sabon Birni in rufe ɗan sito na ƙasa, ɗaki guda, inda za a aje irin gero. Shekarar an yi shuka, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Irin da ke cikin siton nan shi kaɗai ya rage ma garin. In ya lalace, babu shuka ta biyu.

Na yi rufi yadda ubangidana ya koya mini. A jera katako bisa katanga, a liƙe da laka, a buga kwano, sannan a aza dutse guda a kowace kusurwa. Malamin gona na wurin, Malam Sanda, ya tsaya ƙasa shina kallo da hannuwa a baya.

"Kafinta, duwatsu huɗu za su riƙe wanga?"

"Sun riƙe na kakanka," na ce.

"Zamanin kakana akwai gawo da kuka gabas da gari, su ke tare iska. Duba yanzu. Fari ya kashe, gatari ya ƙarasa. Kuma a kwas an faɗa muna yanayin duniya shina canzawa, ƙasa na ƙara zafi, iska za ta riƙa zuwa da ƙarfin da ba mu saba ba."

Na ce mishi shi ji da geronai, ni ban taɓa koya mishi zuba taki ba.

Bayan an shigar da buhuna, na koma in sa ƙofa. Ranar kuwa gari duka an fita roƙon ruwa. Ana gama azahar hadari ya haɗu gabas, baƙi ƙirin. Kafin ɗigo guda shi sauka, iska ta iso. Ban taɓa jin irinta ba. Na kwanta rub da ciki, na rungume ƙofar da na zo sawa. Da na ɗaga kai, sai ga sararin sama inda na bar kwano. Rufin ya tashi ɗungurungum, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba, wannan dai a yaba mini. Ya tsallake gida biyu, ya sauka bisa wani ɗaki marar rufi, a karkace kamar hular ɗan kamasho.

Ɗakin na wani tsoho ne, Baba Nomau. Shekara uku da tada katanga bai samu abin rufewa ba. Ni da Malam Sanda munka iske shi har ya shimfiɗa buzu a ciki, shina jan tasbaha.

"Baba, sannu da hutawa. Mun zo ɗaukar rufin hukuma."

"Wace hukuma? Yau da anka fita, kowa na roƙon ruwa, ni rufi na roƙa. Ga shi an amsa. Kai ka kawo shi?"

"Ni dai na buga shi, Baba."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ya ɗan karkace ta arewa, in ka samu sarari ka gyara."

Malam Sanda ya yi ta bayani har muryatai ta dushe. Tsoho ya ce wanda duk ya taɓa kwanon nan sai dai shi bi ta kanai. Gaskiya kuma ko ya yarda, ba a mayar da rufi kafin ruwa. Hadari na ta matsowa, buhunan iri na can a buɗe. Gari duka na cewa "Allah ka sauko da shi", ni kaɗai ina cewa "Allah ka ɗan dakata". Wata tsohuwa ta ji ni, ta biyo ni da muciya.

Ni ban yi boko ba, amma na san buhu ya fi rufi sauƙin ɗauka. Na koma na durƙusa.

"Baba, rufi naka ne, ba za ni taɓa shi ba. Amma ya taho da baƙi."

"Su wa?"

"Buhunan iri."

Ya ja tasbaha biyu.

"Suna cin tuwo?"

"A'a, Baba."

"To su shigo."

Munka yi kururuwa, mutane sunka fito, wasu da jakai, wasu da amalanke, wasu da ka. Malam Sanda da farar rigatai ya ɗauki buhu ya faɗi da shi sau biyu. Baba Nomau ya tsaya bakin ƙofa shina ba da oda, wai kada a taka mishi buzu. Buhu na ƙarshe na shiga, ruwa ya ɓalle. Kafin la'asar sakaliya tsohon sito ya cika taf kamar randa. Iri kuwa ko tsaba ɗaya ba ta jiƙe ba.

Abin da za ni faɗa muku shi ne, iskar da iyayengijinmu sunka sani ba ita ke busawa yanzu ba. Wanda ya yi rufi da awon da, zai bi kwanonai da gudu. Mutanenmu kuma ba a ƙwace abu hannunsu, amma in ka ba su ajiya sai su riƙe da ransu.

Da gari ya waye, jama'a sunka ɗebi iri sunka fita shuka. Ni kuwa na ɗauki langa-langa, wato siririn ƙarfen ɗauri, na huda katangar Baba Nomau, na daidaita rufin, na ɗaure katako gam. Sannan na shiga mota zuwa Isa, na iske foman a ofis, na cire hula.

"Yallaɓai, aiki ya kammala. Sai dai sito ya canza unguwa."