Sunan da Aka Rubuta da Fensir

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Mama Tabita, matar da ta daɗe tana kula da ɗakin kwanan 'yan mata a wata sakandaren Katolika da ke Jimeta. Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa ni da ita, ni da na tashi a kan allo, har yau kuma hannuna ya fi sakewa a ajami. Abin da ya haɗa mu zargi ne. Ta zarge ni, na zarge ta, kuma ban tabbata mun gama wanke juna ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ni da ƙanena Iliya uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga wani gari na gindin duwatsu a arewacin jihar nan. Kawu ya ɗauko ni Yola ina ƙarami, a hannunsa na musulunta na yi karatu. Iliya ya zauna gida a kan addinin iyayenmu. Ba mu taɓa faɗa ba. Nisa ne kawai ya shiga, bana a ce baɗi, har aka yi shekara goma sha biyu ban taka gidansa ba. Rabona da 'yarsa Saratu tun tana goye.

A shekarar da 'yan bindiga suka mamaye garinmu, wani da ya tsero ya same ni a unguwarmu ta Mbamba. Ya ce ba wanda ya san inda Iliya da matarsa suke, amma Saratu tana makarantar kwana a nan Jimeta, kuma jibi ake ba da hutu. Na rubuta sunanta da ajinta a 'yar takarda na sa a aljihu. Kunya ta kama ni, yarinya tana gari ɗaya da ni kusan shekara biyu ban sani ba.

Wanda bai taɓa ganin ranar rufe makarantar kwana ba, ba zai gane ba. An share ko'ina, an yanke ciyawa, an fito daga addu'ar ƙarshe a coci, Fada ya gama kiran waɗanda suka zo na ɗaya. Akwatunan ƙarfe sun yi layi a ƙarƙashin dalbejiya, kowanne da bokiti da katifa a ɗaure a kai. Yara na musayar takardun sakamako, wasu na ɓoye nasu. Amma a wannan shekarar akwai wani rukuni da ya koma gefe ya yi tsit, 'ya'yan arewacin jihar, idonsu a kan ƙofa.

Maigadi ya laluba ni daga hula har takalmi. Da ya ciro takardar nan ya ga rubutun ajami, sai ya riƙe ta da yatsu biyu ya kai wa wata dattijuwa da ke zaune a bakin ƙofa, akwatin katuna a gabanta. Dokar makarantar ita ce kowace yarinya tana da kati, iyayenta sun rubuta sunan mutum uku da za su iya ɗaukar ta. In sunanka ba ya ciki, ka yi ta magana har rana ta faɗi.

Dattijuwar nan ita ce Mama Tabita. Ta dubi gemuna, ta dubi takardar, na faɗa mata sunan yarinyar, ta zaro katin Saratu. Sunan Iliya, sunan matarsa, sai na wani mai koyar da addini a cocinsu na gida. Duka ukun ba labarinsu.

"Malam, sunanka babu a nan," in ji ta.

Na ce mata ni wan ubanta ne, ciki ɗaya. Ta aika aka kira yarinyar. Ta zo, doguwa, goshin mahaifiyarmu sak.

"Saratu, kin san mutumin nan?"

Yarinyar ta dube ni da kyau, ta sunkuyar da kai. "Ban san shi ba, Mama."

"To ka ji. Yarinyan nan ba zai fita ba."

Na koma gida raina a ɓace. Maƙwabta suka ƙara min zafi, suka ce ai ba kati ba ne, gidan Musulmi ne ba sa so ta shiga. Na yarda da su a lokacin. Matata Hajara ce kaɗai ta ƙi bina. Ta ce, "Malam, da kai ne aka ba amanar 'yar wani, baƙo ya zo a irin wannan zamani, yarinya ta ce ba ta san shi ba, za ka miƙa ta?"

Washegari na koma. Mama Tabita ba ta tafi hutu ba, ta zauna da yara tara da ba a zo ɗauka ba. Ta ce in ina so, in riƙa zuwa bayan la'asar in zauna a bencin ƙofa, za a fito min da Saratu. Ita kuma ta kan ɗauko tire tana tsince wake a inda ba kalmar da za ta wuce kunnenta. Na lura wasu tambayoyin da yarinyar ke min ba nata ba ne, an ɗora mata su tun daga cikin makaranta: sunan kakarta na yanka, wace bishiya ce a ƙofar gidanmu, a wace ƙafa Iliya ke da tabo. Ina amsawa, ina jin kamar ɓarawon da ake tuhuma a gaban alƙali. Rana ta shida na ba ta labarin yadda ubanta ya gudu daga tunkiya yana yaro har ya faɗa randa. Ta yi dariya ta ce har yanzu ba ya kusantar tunkiya. A ranar ce ta daina ce min Malam, ta ce Bappa.

Duk da haka ba a sake ta ba. Wata safiya sai ga keke a ƙofar gidana ba sanarwa. Mama Tabita ta shiga, ta gaisa da Hajara, ta leƙa ɗakin da yarinyar za ta kwana, ta tambayi samari nawa ne a gidan. Sannan ta juyo gare ni.

"Ran Lahadi wa zai kai shi coci?"

Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Sai na tuna amana ce ta ɗan'uwana, ba tawa ba ce da zan juya yadda nake so. Na ce ni zan kai ta. Sai ta buɗe jaka ta ciro katin, ta rubuta sunana a ƙasan ukun nan, da fensir. Na ce ga biro a aljihuna.

"Biro na iyaye ne," ta ce. "Kai muna kallon ka tukuna."

Haka na riƙa kai Saratu coci duk Lahadi, in tsaya a tsallaken titi har a tashi. Matasan da ke gadin ƙofa sun yi makonni suna zuwa su tambaye ni me nake jira. A masallacinmu ma an yi ta ƙus-ƙus a kaina. Bayan wata biyar mahaifiyarta ta ɓullo ta wajen Kamaru. Iliya kuwa har yau shiru, Allah ne Masanin inda yake.

Yanzu idan na wuce makarantu ranar hutu, sai in ga ana tura saƙo ta waya, mai keke ya zo ya kwashi yara uku, maigadi ko ɗaga kai bai yi ba. Na san da Mama tana nan da ta tsayar da mai keken ta tambayi sunan kakarsa. Wasu za su ce lafiya ta samu, a sassauta. Ni ban ga alamar ta samu har haka ba. Abin da ya fi damuna ma ba maigadi ba ne. Gidaje nawa ne a Yola da Jimeta da za a tsayar da ɗa a gaban ƙanen ubansa, a ce ka san shi, ya ce e ba tare da ya yi ƙarya ba?

Ba zan ce zargina ya mutu gaba ɗaya ba. Na taɓa tambayar ta, bayan mun saba har tana aiko mana da cincin lokacin Kirsimeti, ko da Kirista ne ni za ta wahalar da ni haka. Ta ce ta taɓa mayar da fasto daga ƙofar nan. Wataƙila gaskiya ne. Allah Ya fi mu sanin abin da ke zukata, ita ma tana gabansa yanzu. Abin da na sani shi ne ta riƙe amanar da aka ba ta a lokacin da kowa ke tsoron kowa, kuma ita ce ta tilasta min na zama abin da na zo ina iƙirari a baki.

Ranar da Saratu ta gama makaranta aka ba ta katin. Sunana yana nan da fensir, ya yi kauri. Ashe duk ƙarshen zango Mama kan tambaye ta ko Bappa na nan yadda yake, sannan ta sake bin rubutun.

Kwanan baya Saratu ta sa ɗanta a makarantar rainon yara, ta kawo min takardar in gani. Ta sa sunana a cikin masu ɗaukar sa, da biro. Na yi mata godiya, amma ni ban saki jiki da biron nan ba. Duk Asabar ina hawa keke daga Mbamba zuwa Jimeta in zauna da yaron, don ranar da aka tsayar da shi a gabana aka ce ka san mutumin nan, kada ya sunkuyar da kai.